Injin Turbo: Ƙarami Ko Babba, Wanne Zai Fi Maka?

Tun daga ranar 29 ga Mayun 2023 da aka cire tallafin man fetur a Najeriya, tambayar farko da mai neman mota ke yi wa dillali ita ce, "Alhaji, fulogi nawa ce?" In aka ce shida sai ya ja da baya, in aka ce huɗu sai ya gyara tsayuwa a shiga ciniki. A zamanin tsofaffin Camry da Accord wannan tambayar ta wadatar. Amma motocin da ke shigowa yanzu ta Kwatano da Legas, musamman ƙirar 2016 zuwa sama, sun dagula lissafin. Sai ka ga motoci biyu, jiki ɗaya, shekara ɗaya, duk fulogi huɗu, amma ɗaya injinta 1.5T ɗayar kuma 2.0T, T ɗin na nufin turbo. Tsakaninsu akwai tazara wajen ƙarfi, wajen shan mai, da wajen abin da makanike zai karɓa a hannunka, kuma tazarar ba kullum take faɗawa ɓangaren da mutum ke zato ba.

Inji iska yake ci fiye da fetur. Kowane kilo ɗaya na fetur yana buƙatar iska wajen kilo 14.7 kafin ya ƙone sarai, kuma lambar nan ta 1.5 ko 2.0 awon cikin silindodin ce, wato yawan iskar da za su iya ɗauka. Aikin turbo shi ne ya cusa wa inji iskar da ta fi cikinsa. Hayaƙin da zai fita ta salansa ana bi da shi ta kan wata 'yar farfela ya juya ta, ita kuma tana kan sanda ɗaya da wata farfelar da ke danna iska cikin injin, kamar yadda zugazugin maƙeri ke hura wuta. Dabarar tsohuwa ce, wani injiniya ɗan ƙasar Suwizalan mai suna Alfred Büchi ya yi rajistarta tun 1905. Abin da ya kamata mai saye ya riƙe shi ne, farfelar nan tana juyawa fiye da sau dubu 150 a minti ɗaya, hayaƙin da ke dukanta kan haura digiri 900, kuma baƙin man da ke cikin injin ne ke shafe sandarta.

Dokokin rage hayaƙi da shan mai a Turai da Amurka da Sin su suka tura kamfanoni rage girman inji. A 2012 Ford ta fito da EcoBoost mai lita 1.0, fulogi uku kacal, amma yana ba da ƙarfin doki har 125, daidai da abin da injin 1.6 marar turbo ke bayarwa. Ya lashe kyautar injin shekara na duniya sau uku a jere, daga 2012 zuwa 2014. Hikimar gaskiya ce: ƙaramin inji ba shi da nauyi, gogayyar ƙarafan cikinsa kaɗan ce, kuma in mota na tsaye a cunkoso ko tana tafiya a hankali, abin da yake sha ɗan kaɗan ne.

To amma turbo ba ya ba da ƙarfi kyauta. Duk iskar da ya ƙara, sai an ƙara mata fetur daidai da ita. Idan ka taka totur injin 1.5 ya ba ka ƙarfin injin 2.5, a wannan lokacin man injin 2.5 yake sha. Har ma akwai ƙari: idan aka matsa masa sosai zafi ya yi yawa, kwamfutar motar kan zuba fetur fiye da buƙata don kawai ya sanyaya silinda da turbo, wannan man kuwa asara ne. Shi ya sa a 2013 mujallar Consumer Reports ta Amurka ta bayyana cewa da yawa daga ƙananan injinan turbo da ta gwada a kan titi ba su yi tsimin man da aka yi alkawari ba. Da Turai ta tsaurara yadda ake gwajin motoci daga 2017, aka fara auna hayaƙi a kan hanya ta gaske, sai ga kamfanoni na ɗan komawa sama. Volkswagen ta maye gurbin injinta mai turbo 1.4 TSI da 1.5 TSI a wannan tsakanin.

Bari mu ɗauki motoci biyu da ake gani a wuraren sayar da motoci na Kano da Kaduna da Abuja, domin a kansu maganar take fitowa fili.

Honda Accord ta 2018 ta zo da inji biyu. Na 1.5 yana da ƙarfin doki 192 da ƙarfin murɗawa 260 Nm (Nm shi ne ma'aunin ƙarfin da inji ke murɗa ƙafafu da shi). Na 2.0 yana da doki 252 da 370 Nm. A awon hukumar kare muhalli ta Amurka, in aka haɗa tafiyar cikin gari da ta babbar hanya, mafi tsimi daga cikin masu 1.5 tana shan wajen lita 7.1 a kilomita 100, mai 2.0 kuwa lita 8.7 zuwa 9. Ga wanda ke cin kilomita dubu 20 a shekara, bambancin ya haura lita 300. Ka buga wannan da kuɗin lita a gidan man unguwarku, za ka ga ba kuɗin da za a raina ba ne. A nan ƙaramin ya ci, kuma doki 192 ya ishi mota mai jikin Accord har da saura.

Yanzu dubi Ford Escape ta 2017. Ita ma inji biyu na turbo: 1.5 mai doki 179, da 2.0 mai doki 245. A awon hukumar nan dai, mai jan ƙafafun gaba, ƙaramin yana shan wajen lita 9 a kilomita 100, babban kuma 9.4. A kilomita dubu 20 bambancin bai kai lita 100 ba. Wato wanda ya zaɓi 1.5 ya sadaukar da doki 66 don tsimin da da ƙyar zai lura da shi. Dalili kuwa, Escape ta fi Accord tashi sama da kuma nauyi, iska na tare ta sosai, don haka ƙaramin injin kusan kullum yana jingine da turbo. Akwai kuma batun giya: a Escape duk injinan biyu giyabos ɗaya suke amfani da shi mai hawa shida, a Accord kuwa 1.5 na tafiya da CVT, wato giyabos otomatik marar hawa-hawa, wanda shi kansa mai tsimin mai ne, 2.0 kuma da otomatik mai hawa goma.

Wannan shi ne gundarin abin da nake son mai saye ya fahimta. Girman inji shi kaɗai ba ya faɗa maka komai sai ka ɗora shi a kan nauyin motar da aikin da za ka sa ta. Ƙaramin turbo a mota marar nauyi, ƙafa a sanyaye, alheri ne. Shi ɗin dai in aka sa shi a doguwar mota irin Escape, aka cika ta da mutum biyar, aka danƙare but da buhun shinkafa da jarkokin manja, aka kunna esi, aka hau hanyar Kaduna zuwa Abuja ana gudun 130, tsimin ya tafi, abin da ya rage wahalar inji ce.

Ana yawan cewa ƙaramin injin turbo an fi takura shi, shi ya sa ba ya daɗewa. Maganar na buƙatar gyara. Raba doki 192 da lita 1.5, za ka samu 128 a kowace lita. Raba 252 da 2.0, za ka samu 126. In aka take su duka har ƙasa, wahala ɗaya suke sha. Inda suka rabu shi ne sau nawa ake kai su can. Idan hawan wani tudu da kaya na buƙatar doki 100, ƙaramin ya ba da fiye da rabin abin da yake da shi, babban kuwa kashi 40 cikin 100 kawai ya taɓa. Ƙaramin yana shafe sa'o'i masu yawa na rayuwarsa cikin matsi da zafi, babban yana tafiya da sauran numfashi. Bayan shekara takwas ko goma, a nan ake ganin bambanci a gasket, a zoben fistin, da kuma turbon kansa. Kar a manta kuma, yawancin motocin da muke saye sun riga sun ci kilomita dubu ɗari ko fiye kafin su sauka daga jirgin ruwa.

A wajen tuƙi ma akwai abin da takarda ba ta nunawa. Kafin turbo ya kama, injin 1.5 injin 1.5 ne kawai. Ka tsaya a mahaɗa, esi a kunne, mota cike, ka ga rata ka taka: akwai ɗan jinkiri kamar na numfashi ɗaya kafin ƙarfin ya zo. Injinan zamani sun rage wannan sosai, na Accord 1.5 yana ba da cikakken ƙarfin murɗawarsa tun daga juyi 1,600 a minti. Duk da haka babban ya fi tashi da sauƙi, don yana da nasa ƙarfin tun kafin turbo, kuma hayaƙinsa ya fi yawa, yana saurin juya farfelar. Wurin da wannan ya fi muhimmanci a ganina shi ne wuce tirela a hanya mai hannu ɗaya, irin ta Zariya zuwa Funtuwa da Gusau. Duk daƙiƙar da ka rage a hannun da ba naka ba, tsaro ce gare ka da iyalinka. Wanda wannan ce tafiyarsa ta kullum, ba zan ga laifinsa ba in ya biya kuɗin ƙarin lita biyu a kowane kilomita ɗari.

Zafi na daga cikin abin da ya dame mu a nan. Iskar da aka matsa tana ɗaukar zafi, shi ya sa ake bi da ita ta wani abin sanyayawa mai kama da ƙaramin lagireto kafin ta shiga inji. A watan Afrilu a Sakkwato ko Maiduguri, lokacin da zafi ke haura digiri 40, iskar da za ta sanyaya ta ita ma da zafinta. Kwamfuta sai ta rage ƙarfi don kare injin, kuma wanda ba shi da rara shi ya fi jin raguwar. Ƙurar hunturu kuwa ba ta bambanta ƙarami da babba: in matatar iska ta yage ko an sa jabu, yashi na cin bakin farfela. A gefe guda, turbo ya fi injin da ba shi da turbo a kan tsauni. Inji marar turbo yana rasa kusan kashi 1 cikin 100 na ƙarfinsa a kowane hawan mita 100, don haka a Jos, mai tsayin wajen mita 1,200, ya yi asarar fiye da kashi goma, alhali mai turbo yana cike mafi yawan giɓin.

Sai fetur. Kafin ka yi ciniki, buɗe murfin tanki ka karanta abin da aka rubuta, ko ka duba littafin motar. Injinan Accord biyun nan an yi su don fetur na gama-gari na Amurka, mai lamba 87 a awonsu na darajar fetur (octane), wanda ya yi daidai da kusan 91 a awon da ake amfani da shi a nan. Amma Mercedes C300 da Lexus NX200t, duk da cewa 2.0 ne, fetur mai daraja ta sama suke so, haka ma yawancin ƙananan turbo da aka ƙera don kasuwar Turai lamba 95 suke nema. Gidajen manmu galibi kala ɗaya suke sayarwa. Motar ba za ta ƙi tashi ba, na'urar da ke sauraron ƙarar ƙonewa za ta ja da baya, ƙarfi ya ragu, sha ya ƙaru. Waɗanda suka sha gurɓataccen man nan mai methanol da aka shigo da shi a Fabrairun 2022 sun san abin da mugun fetur ke yi wa inji. Mai turbo, ƙarami ko babba, ya nisanci man 'yan bumburutu iyakar iyawarsa.

Baƙin mai ne wurin da na fi jin tsoro, kuma nan ne ƙananan suka fi rauni. Injin Ford 1.0 EcoBoost na farko da Peugeot 1.2 PureTech suna da bel ɗin taimin da ke gudu a cikin man injin. Idan aka zuba man da ba nasa ba, ko aka bar juye ya wuce lokaci, robar bel ɗin na fara saɓulewa, ɓarɓashinta ya toshe matatar famfon mai, turbo da sauran inji su bushe. A ƙarshen 2023 Ford ta yi kiranyen motoci kusan dubu 140 a Amurka, wato ta ce masu su su dawo da su a gyara, EcoSport da Focus masu injin 1.0, saboda matsalar da ta shafi bel ɗin famfon mai. Peugeot kuma ta koma sarƙa a sabon samfurin injin nata. Akwai kuma wata cuta ta injinan turbo masu fesa fetur kai tsaye cikin silinda: fetur ya kama da wuta kafin fulogi ya kunna shi, a lokacin da aka taka totur da ƙarfi inji na juyi a hankali, abin da kan iya fasa fistin. Saboda ita aka fito da ma'aunin ingancin baƙin mai na API SN Plus a 2018 da API SP a 2020. Duba bayan galan ka ga ɗayan biyun nan, tare da kaurin da kamfanin ya rubuta a murfin injin. Al'adar nan ta zuba mai kauri 20W-50 a kowace mota don "ƙasarmu da zafi" tana kashe turbo, domin mai kaurin ba ya saurin isa sandar farfela da safe.

Kowane ɓangare yana da tabonsa. Injin Honda 1.5 ya yi suna da gangarowar fetur cikin baƙin mai, abin da ya jawo kiranye a ƙasar Sin a 2018. Matsalar ta fi tsanani a ƙasashen sanyi da kuma gajerun tafiye-tafiyen da inji ba ya kai wa ga ɗumama, don haka zafinmu na rage ta, amma mai kai yara makaranta kusa da gida ya dawo ya ajiye mota ya riƙa duba sandar mai. Escape ta 2017 zuwa 2019 kuwa, injinan biyu duka, 1.5 da 2.0, an san su da ruwan lagireto na shiga silinda. Girma bai kuɓutar da kowa ba. Ko Toyota, da Land Cruiser 300 ta 2021 ta ajiye V8 ta ɗauki V6 mai turbo biyu da doki 409, a 2024 ta yi kiranyen Tundra da Lexus LX 600 wajen dubu 102 a Amurka masu irin wannan injin, saboda ɓarɓashin ƙarfe da aka bari a ciki tun daga masana'anta. Turbo biyu kuma na nufin tiyo da bawul da wuraren yoyo sun ninka, ranar gyara kuɗi ma ya ninka.

Ga inda na tsaya. Idan yawancin tafiyarka cikin gari ce, kai kaɗai ko da mutum biyu, motar kuma ƙarama ce ko matsakaiciya irin Civic ko Accord, ɗauki 1.5, tsimin na gaske ne. Idan doguwar mota ce, ko kana yawan doguwar tafiya da iyali da kaya, 2.0 zuwa 2.4 ya fi dacewa, kuma abin da za ka ƙara a gidan mai bai kai yadda kake tsoro ba. Masu fulogi uku na 1.0 da 1.2 ba na ba da shawararsu a matsayin tsohuwar mota sai ga wanda ya ga takardun juyenta da idonsa kuma yana da tabbacin samun man da ya dace. Manyan V6 masu turbo biyu na wanda aljihunsa zai ɗauki gyaransu ne ba tare da ya ci bashi ba. Kuma wanda ke zaune nesa da makaniken da ya iya sa wa mota kwamfuta, ya tuna cewa Camry ta 2018 mai injin 2.5 marar turbo tana da doki 203, kuma a awon hukumar kare muhalli ta Amurka wajen lita 7.4 take sha a kilomita 100, kusan daidai da Accord 1.5. Kafin ka biya, ka sa a tambayo maka a kasuwannin kayan mota na Ƙofar Ruwa a Kano ko Panteka a Kaduna ko Apo a Abuja nawa turbon motar yake, kuma ana samunsa ko sai an yi oda. Accord 2.0 ba ta kai 1.5 yawa ba, Honda ma ta daina sa injin 2.0 mai turbo a Accord daga 2023, don haka kayansa sun fi wuyar samu.

Ranar duba motar, ka je da sassafe ka roƙi dillali kada a tayar da ita kafin ka iso. Ɗora hannu a kan injin ka tabbatar da sanyinsa. A tayar kana tsaye a baya: farin hayaƙi mai kauri da ba ya yankewa, tare da kakkarwar inji, alamar ruwa ne a silinda, shuɗi kuwa mai ne ke ƙonewa. Zaro sandar mai ka shinshina, in warin fetur ya buge ka ko man ya haura alamar sama, ka yi hattara. Ka sa makanikenka ya kwance tiyon da ke shiga turbo ya sa yatsa ya girgiza farfelar. Ɗan motsi kaɗan gefe da gefe ba laifi, amma in tana gaba da baya, ko bakinta ya ciccinye, ko tana gogar jikin gidanta, turbon ya kusa. Ɗan danshin mai a cikin tiyo abu ne da aka saba, mai kwance kuwa magana ce. A hau titi a taka sosai a saurara, ƙara mai kama da jiniya ba ta lafiya ba ce. A sa mata kwamfuta, sannan a shigar da lambar jikinta mai haruffa 17 a shafin hukumar kiyaye haɗurra ta Amurka, NHTSA, a ga ko akwai kiranyen da ba a yi mata ba.

In ta zama taka, kada ka bari a cire mata tamostat ko a haɗa fankar lagireto kai tsaye, kuma ruwan lagireto na galan za a zuba, ba na rijiya ba. A ƙurarmu da zafinmu, juye a kilomita 5,000 zuwa 7,000 ya fi aminci a kan jiran dogon wa'adin da littafin ya bayar. In ka sauka daga doguwar tafiya da gudu, ka bar injin ya yi minti ɗaya ko biyu yana aiki kafin ka kashe, domin man da ya tsaya cak a kan sanda mai zafin nan ƙonewa yake ya zama gawayi ya toshe hanyarsa.